Rijiyar da Aka Toshe wa Numfashi

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan uwa.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

Ranar wata Juma'a ce, da yamma liƙis. Rana ta faɗa bayan rufin babbar kasuwa, jemagu sun fara fitowa daga ƙarƙashin gada, fitilun dandali suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. A hawa na huɗu na benen da hukumar birni ta gina, Bu Lasmini tana tsaye gaban murhu tana soya tempe, wato wainar waken soya, mai yana tsartuwa, ƙamshin tafarnuwa ya cika ɗakin. 'Yarta Wening, budurwa 'yar shekara goma sha shida, tana zaune a ƙasa tana ninke wanki tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Maigidan, Pak Darmaji, yana ɗaura zanen salla, yana jiran a buga gangar masallaci ya yi magariba kafin ya sauka dandali wurin tukunyar miyarsa. A garin nan, Bu ake ce wa uwa ko uwargida, Pak kuma uba ko maigida.

Inda dandalin nan yake, da can unguwarsu ce, Kemuning. Lungu ne a kan lungu, gidajen katako da kwano manne da juna, in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu daga kan gadonka. Hukuma ta ce tsakiyar birni bai dace da haka ba. Aka yi taro a kan taro, aka yi kuka, aka yi rantse-rantse, daga ƙarshe Pak Darmaji, da yake shi ne mai unguwa, ya lallashi mutanensa suka yarda. Aka rushe, aka shimfiɗa tayil, aka kafa fitilu da kujerun siminti, aka ba kowane gida ɗaki biyu a benen da ke kallon wurin, da izinin sayar da abinci a dandalin da yamma.

Abu guda aka bari. A tsakiyar unguwar akwai tsohuwar rijiya da ba wanda ya san wanda ya haƙa ta, kuma mutanen nan ba sa rufe rijiya ruf. In dole ta sa a rufe ta, sai a yi addu'a, a raba shinkafa, a soka gora mai rami ta cikin murfin, don rijiya ta riƙa numfashi. Haka aka yi. Gorar ta tsaya a tsakiyar dandali, tsayinta bai wuce gwiwa ba, yara suna zagaya ta da kekuna, baƙi suna tuntuɓe da ita.

"Pak, na gama da gorar nan yau," in ji Bu Lasmini, ko juyowa ba ta yi ba.

"Wace gora?"

"Gora nawa ka sani? Na haska tocila a ciki da safe, tsutsar sauro kamar an watsa shinkafa. Na sa masu gyaran tayil sun sare ta daidai da ƙasa, ni kuma na cusa siminti da hannuna. Sun ɗora tayil a kai. Yanzu ko kai ba za ka gane wurin ba."

Pak Darmaji ya tsaya da bakin zane a hannu.

"Bu, ko sallama kin yi?"

"Wa zan yi wa sallama? Sauro? Masu gasar tsafta suna zuwa ƙarshen wata. In aka ba unguwa kofi, kai za ka fi kowa washe baki gaban magajin gari."

Can ƙasa aka fara buga ganga. Tsakanin bugu na ƙarshe da muryar ladan akwai wani ɗan shiru da kowa ya sani, kuma a cikin shirun nan ne dutsen ya faɗo. Ba ta taga ya shigo ba, don a rufe take. Daga sama ya zo, ya bugi daɓe kusa da ƙafar Wening, ya mirgina, ya tsaya. Waƙar ta mutu a bakinta. Su uku suka ɗaga kai. Silin na siminti ne, fari fat, ko tsaga babu.

Bu Lasmini ta kashe wuta ta ɗauki dutsen. Kamar ƙwan agwagwa, baƙi, sumul, jiƙe sharkaf, da gansakuka a gefe guda. Sanyinsa ya shiga mata har ƙashin hannu. Ta zuba takalmi ta hau sama, wurin Bu Tumini mai soya ayaba, wadda suka yi maƙwabtaka tun a lungu, kuma ba su taɓa kwana bakwai ba su yi cacar baki ba.

"Yaya Tum, ki ja wa jikokinki kunne. Gidan hukuma ne wannan, ba filin jifa ba."

"Jikokina suna masallaci, 'yar tocila. Ke da kika yi boko, gaya mini ta wace kafa dutse ke bi ta cikin siminti."

Ta karɓi dutsen don ta yi dariya, sai ta kai shi hanci. Dariyar ba ta fito ba.

"Las," ta ce a hankali, "tun ina amarya nake ɗiban ruwa a inda ke wannan wari. Me kika taɓa?"

Ta miƙa mata dutsen, ta goge hannu a zani, ta tura ƙofa ta rufe ba tare da ƙara ba.

Kada ku ɗauki Bu Lasmini mace marar ta-ido. Tana da dalili, kuma dalilin yana kwance a maƙabartar bayan tashar jirgin ƙasa. Wening tana da ƙane, Teguh, ɗan shekara huɗu, wanda zazzaɓin denge ya ɗauka wata damina tun suna lungu. Likita ya ce sauron a cikin wata tsohuwar tayar da ruwa ya kwanta ya ƙyanƙyashe, a bayan ɗakinsu. Tun daga nan ta shiga cikin matan da ke zagaya gidaje duk safiyar Juma'a, suna haska kwamin wanka da tukwanen fure da bayan firji. Sauran matan sukan yi aikin suna hira. Ita ba ta hira. Duk ruwan da ya kwanta a buɗe, fuskar ɗanta take gani a cikinsa.

Washegari da magariba duwatsu biyu suka faɗo. Daren da ya biyo, ba wanda ya tsaya ƙirga. Sukan fara ne da gangar magariba, su lafa da kiran isha'i, kuma ba su taɓa samun kowa ba. Sai dai su faɗo dab da hannu, dab da kai, kamar mai jifan yana nuna cewa da ya so da ya samu. Sannan sauti ya zo. Daga banɗaki, daga cikin kwamin ruwa, sai a ji kamar guga ya bugi ruwa can ƙasa mai nisa. Bayansa kuma wasu siraran muryoyi, irin na yara da suka gaji da kuka, kamar suna kira daga cikin tulu. Bu Lasmini ta kwashe ruwan kwamin tas, ta goge shi da tsumma har ya bushe. Muryoyin ba su fasa ba.

Ba a yi mako ba abin ya koma kan Wening. Tana cikin cin abinci sai ta ajiye cokali, ta dafe ƙirji, ta buɗe baki kamar kifin da aka jefo tudu. Gashinta ya jiƙe ba ta yi wanka ba. Suka kai ta asibiti a bayan babur, aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce huhunta lafiya lau, ya ba su abin shaƙa. Da rana garau take, har ta je makaranta ta dawo. Amma da inuwa ta fara tsawo sai ta yi shiru ta zauna kusa da taga, tana kallon tsakiyar dandali, numfashin yana gajercewa. Kullum abin yana fara wuri, yana daɗewa bai sake ta ba. Leɓɓanta suka fara yin shuɗi.

A bene ba a ɓoye komai. Waɗanda a da suke tsayawa a matattakala su tambayi Bu Lasmini farashin barkono, yanzu sai su manne da bango har ta wuce. Tukunyar Pak Darmaji ta riƙa dawowa da miya fiye da rabi. Da aka yi taron wata-wata a kan tabarmi a hawa na ƙasa, wani ya yi gyaran murya ya ce ko iyalin mai unguwa za su ɗan je ƙauye su huta, saboda yara ba sa barci. Mutumin da ya shugabanci kowane taro tun daga lungu har bene ya zauna kai a sunkuye.

"Bu, mu buɗe," ya ce da suka hau.

"Wa ya ce maka gorar ce?"

"Ke ma kin sani."

"Abin da na sani, na binne ɗa guda saboda ruwan da aka bari a buɗe. Ba zan buɗe wa sauro ƙofa da hannuna ba, a tsakiyar inda yaran gari duka ke wasa."

Duk da haka ya sa rigarsa mai kyau ya je ofis, ya nemi izinin ɗaga tayil guda. Aka ce dandali yanzu dukiyar birni ne, ya rubuto dalili, ya dawo bayan gasa. Ya tsaya gaban teburin yana tunanin yadda ake rubuta irin wannan dalili, sannan ya yi godiya ya fito.

Ranar Asabar Wening ta faɗi tun la'asar ba ta tashi ba. Suka kwantar da ita a kan tabarma tsakiyar ɗaki. Ƙirjinta yana ɗagawa kaɗan, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya sake ɗagawa. Bu Lasmini tana durƙushe tana shafa mata goshi tana cewa, "Nduk, 'yata, ja numfashi, ja," sai aka tura ƙofa ba sallama. Bu Tumini ce, tana haki, a bayanta wani tsoho siriri mai farar hula yana dafa bango. Kiyai Rusmani ne, malamin da ya yi limancin ƙaramin masallacin Kemuning har ranar da aka rushe shi, ya koma wajen gari da almajiransa na karatu.

"Wanda ya ƙirƙiro bene bai yi shawara da gwiwata ba," in ji shi. Ya yi sallama, ya zauna daga kan yarinyar, ya nemi ruwa a kofi. Ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun da aka tara a kusurwa, ya juya shi a tafin hannu, ya ajiye. Bai tambayi kowa komai ba.

Hasken taga yana ja, yana komawa toka-toka. Daga ƙasa ana jin hayaniyar daren Asabar tana tasowa, kiɗan motocin wasan yara, masu talla, ƙarar cokali a kan kasko. A cikin ɗakin kuwa babu motsi sai leɓɓan tsohon. Ya karanta Ayatul Kursiyyu, ya bi da Falaƙi da Nasi, ya tofa a ruwan, ya yayyafa mata a fuska. Aka buga ganga.

Duwatsu suka zubo gaba ɗaya, suka kewaye tabarmar kamar bakin rijiya. Wening ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba. Ruwa yana ɗiga daga gashinta. Idanunta a buɗe suke, amma babu ita a cikinsu.

"Rusmani, ka tsufa."

Muryar tsohuwa ce, mai zurfi, kamar daga cikin randa. Pak Darmaji ya ja da baya har ya bugi bango.

"Na tsufa," in ji Kiyai. "Ke wace ce, kuma me 'yar mutane ta yi miki?"

"Ka sha ruwana kana rarrafe, ka yi alwala da shi har gemunka ya yi fari, yau kake tambayata ko ni wace ce?"

"Musulma ce ke?"

"Na ji kiran salla a unguwar nan tun ba a haifi kakanka ba. Na amsa."

"To kin san zalunci haramun ne."

"Ni za ka koya wa zalunci? Kun kwashe duwatsun bakina kun zubar a gefen kogi, na yi shiru. Kun ɗora mini dutse a ka, na yi shiru, tunda kun bar mini ƙofa. Na fita da asuba na bar 'ya'yana a ƙasa, na dawo na tarar da ƙofar a liƙe."

"Siminti yana tare irinku?"

Kan yarinyar ya juyo a hankali, ya tsaya a kan Bu Lasmini.

"Siminti ba ya tare ni. Amma wannan ba ta taɓa aiki ba bisimilla ba. Da sunan Allah ta rufe. Ina jin su, ba na iya kai musu. Iskar da ta rage musu, ita nake auna wa 'yarta. Abin da suka shaƙa shi za ta shaƙa. In tasu ta ƙare, ta wannan ta ƙare."

Bu Lasmini ta kai dubanta ga ƙirjin 'yarta.

"Me kike so?" in ji Kiyai.

"A fasa dandalin duka. A mayar mini da rijiyata a buɗe. A yanka baƙin bunsuru a bakinta."

"Jini ba na zubar wa kowa sai don Allah, kin san haka tun kafin ki faɗa. Dandali kuwa na jama'a ne, gidaje da yawa a kansa suke ci. Ki fita daga jikin yarinyar nan, sannan mu yi magana."

"In fita, ku rufe ƙofa ku yi barci?"

Tsohon ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Jikin ya fara karkarwa, muryar ta yi wata ƙara da ta sa Bu Tumini toshe kunne. Amma ƙirjin Wening ya tsaya cak. Bai ɗaga ba. Fuskarta ta yi duhu, wuyanta ya miƙe. Kiyai ya katse ayar a inda ake tsayawa, zufa tana bin gemunsa. Sai da aka daɗe sannan wani ɗan siririn numfashi ya shiga.

"Zan iya ƙona ta," ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "amma ba za ta tafi ita kaɗai ba. Bu Las, ƙofa take nema, kuma ke ce mai ƙofar."

Bu Lasmini ta matso da gwiwa. Ba ta san lokacin da ta daina jin tsoro ba; abin da ya cika ta ya fi tsoro nauyi.

"Ke uwa ce, kin ce. To ni ma uwa ce. Ramin nan cike yake da abin da ya kashe mini ɗa. In na buɗe, gobe wata ta binne nata, me zan ce mata?"

Da muryar ta dawo, ta sauko ƙasa.

"Na san Teguh. Shi ne mai leƙo kai yana kiran sunansa don ya ji an amsa masa. Ni ke amsawa. Ni ke tura shi baya kada ya faɗo. Ranar da kuka kai shi makwancinsa, kin zo da magariba wanke zanen goyonsa, kin yi kuka har igiya ta suɓuce miki, guga ya tafi ƙasa. Da safe kin tarar da shi a bakin rijiya cike da ruwa. Wa kika ɗauka ya ajiye miki?"

Ba ta taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko mijinta. Ta sa fuska a tafin hannu. Ta ɗan jima a haka, sannan ta share ido da bakin mayafi, kuma da ta yi magana, muryar mai zagayen Juma'a ce ta fito.

"Gora ba za ta koma ba. Bututu zan sa, mai lanƙwasa, bakinsa yana kallon ƙasa, ruwan sama ba zai shiga ba. In ɗaure bakin da raga."

"Keji za ki yi mini?"

"Iska tana wuce raga?" in ji Kiyai.

"Tana wucewa."

"Ke fa?"

Yarinyar ta kau da kai.

"Ina wucewa."

"To sauro kaɗai aka hana. Ko shi ma ɗanki ne?"

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron yarinyar, ba a san ko tsaki ba ne ko dariya.

"Da sharaɗi," in ji Bu Lasmini. "Ba kullum nake wurin ba. Ranar da ragar ta yage, ki sanar da ni. Ba ta jikin 'yata ba."

Kiyai ya sa ta rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan cewa za ta saki yarinyar, ba za ta sake shiga jikin kowa a benen nan ba. Ta rantse.

"Hannun da ya rufe shi zai buɗe," ta ce. "Ku yi sauri. Ƙaramin cikinsu ya daina kuka tun ɗazu."

Jikin Wening ya miƙe tsaye ya nufi ƙofa, ba takalmi, yana barin sawun ruwa a kan kowace matattakala. Kiyai yana biye yana karatu ƙasa-ƙasa. Bu Lasmini ta ɗauki guduma da wani ƙarfe mai tsini daga akwatin mijinta. Ƙofofi suna buɗewa kaɗan, idanu suna leƙowa.

Dandali ya cika maƙil. Iyalai a kan tabarmi, samari da 'yan mata a kujeru, masu gadi cikin kaki suna zagaye da usur a wuya. Ba a taɓa fasa tayil a gaban wannan taro ba tare da an kwana a ofishin 'yan sanda ba. Pak Darmaji ya dubi 'yarsa, ya dubi masu gadin, sannan ya bi rumfunan mutanen Kemuning ɗaya bayan ɗaya. Bai yi dogon bayani ba.

"Rijiya," kawai yake cewa. "Aikin gayya."

Wanda ya ce su tafi ƙauye shi ya fara turo amalankensa. Mai gasa masara ya biyo, mai shayi, mai taliya, har amalanken suka yi zobe a tsakiyar dandali, hayaƙi yana tashi, kowa yana kiran masu saye kamar ba abin da ke faruwa a bayansa. A cikin zoben yarinyar ta tsaya a kan tayil guda, wanda shi kaɗai yake zufa a duk dandalin, sannan ta matsa gefe.

Bu Lasmini ta durƙusa ta yi bisimilla. Tayil ɗin bai yi gardama ba. Simintin da ke ƙarƙashinsa ne ya ƙi, don da kyau ta cusa shi. Tana duka, ƙarfe yana zamewa, gudumar ta sami yatsanta, jini ya fito, ba ta ji ba. Wani mai gadi ya kutsa tsakanin amalanke biyu, usur a baki.

"Kai! Wa ya ba ku izini?"

"Babu izini," in ji Pak Darmaji, ya tare gabansa. "Ni ne mai unguwa. Darmaji. Ka kai sunana, ni kaɗai."

Mai gadin ya leƙa ta kafaɗarsa. Ya ga yarinya tsaye, ruwa yana zuba daga gashinta, bakinta a buɗe, ƙirjinta ba ya motsi. Ya ga tsohon malami. Ya ga ramin. A hankali ya juya musu baya, ya busa usur ɗinsa a kan wasu yara masu keke, ya kora su can nesa.

Aka fara buga gangar isha'i. Gwiwoyin Wening suka lanƙwashe, Bu Tumini ta tare ta.

"Las, ba ta numfashi! Buga, don Allah, buga!"

Ta kama gudumar da hannu biyu, ta kira sunan Allah, ta sauke. Simintin ya tsage, ya zurma. Suka ji yana tafiya, yana tafiya, sannan can ƙasa ya bugi ruwa. Wata iska mai sanyi ta taso daga ramin, mai warin gansakuka da tsohuwar ƙasa, ta kaɗa mayafin matan, ta kwantar da harshen wutar mai masara. Tsofaffin Kemuning da ke tsaye a zoben duk suka daina kiran masu saye.

Yarinyar ta sunkuya a kan ramin. Muryar ta kira wasu sunaye da ba kunnen da ya iya riƙe su, ta saurara, ta sake kiran na ƙarshen. Ta daɗe tana saurare.

"Ya amsa," ta ce. "Duk sun amsa. Lasmini, ki ɗaure ragarki da kyau. Na tafi."

Wening ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, sannan ta ja wani dogon numfashi da kowa a zoben ya ji shigarsa. Ladan ya ɗaga murya. Ta buɗe ido ta dubi ƙafafunta.

"Bu, me nake yi a dandali ba takalmi? 'Yan ajinmu suna nan fa!"

Bu Lasmini ta rungume ta, jinin yatsa yana ɓata mata riga. Mai taliya ya ciro bututun roba mai lanƙwasa daga wurin wanke kwanukansa. Bu Tumini ta hau sama da kanta, ta yanko gefen gidan sauronta.

"Sabo ne fil," ta ce tana miƙawa. "In sauro ya cije ni a ƙafa, ƙofarki zan buga, 'yar tocila."

Ranar Litinin aka kira Pak Darmaji ofis, aka wanke shi tas a gaban ƙananan ma'aikata. Kofin tsafta wata unguwa ta ɗauka. Aka ce za a turo a cire bututun, amma labari ya riga takarda isa, kuma duk ofishin ba a sami wanda ya ce shi zai je da zarto ba. Daga baya wani ya shafa masa koren fenti. Yana nan har yanzu, baƙi suna ɗauka na fitila ne da ba a gama ba. Duk safiyar Juma'a Bu Lasmini takan tsaya a wurin, ta yi sallama, sannan ta haska tocila.

Damina ta zagayo. Wata Talata da asuba ta buɗe ƙofa za ta fitar da shara, sai ƙafarta ta taɓa wani abu mai sanyi. Dutse ne guda, baƙi, jiƙe, ba jefo shi aka yi ba. An ajiye shi ne a tsakiyar dokin ƙofa, daidai wa daida. Ta dubi ɗaki, ta ga Wening tana barci, ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ta ajiye shara, ta ɗauki almakashi da guntun raga, ta sauka.

Ɓera ne ya huda ragar, ɗan rami kamar ƙwayar waken soya. Ta durƙusa ta sauya ta, ta ɗaure da kyau, ta ajiye dutsen a gindin bututun.

"Na gani," ta ce. "Na gode. A gai da yara."

Ƙurunƙus, a nan ta tsaya. Kan ɓeran da ya huda ragar, na bar muku shi.